Ƙwayoyi ko aikin ƙuna: wanne ya fi dacewa da mai kaɗawar zuciya?

An sallame ka daga asibiti, zuciya ta lafa, ka dawo gida da tarin magunguna da katin ranar komawa. A ranar komawar ne likita zai yi maka tambayar da ba ka shirya mata ba: za ka zauna a kan ƙwayoyi ne, ko a yi maka aiki? Da yawa nan take sukan ce, "Likita, duk abin da ka gani." Amsar ba laifi ba ce, sai dai ta yi gajarta, domin abin da likita zai gani ya rataya a kan abubuwan da kai ka fi shi sani: yadda ciwon yake hana ka sakat, irin aikin da kake ci da shi, da ko kai mai iya riƙe shan magani ne shekara da shekaru babu fashi.

Ciwon da nake nufi shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da AF, wato kaɗawar ɗakunan zuciya na sama, kuma cikin cututtukan da ke rikita bugun zuciya ya zauna da gindinsa shi ya fi yawa. Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan gungun tsoka da ke sakin lantarki sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana hutawa. Shi ne makaɗi, sauran zuciya rawa kawai take yi. A AF wasu makaɗan ne ke kutsowa, kowa da gangarsa, har ɗakunan sama su riƙa karɓar saƙo 300 zuwa 600 a minti guda. Ba su iya matsewa, sai karkarwa. Akwai wata mashiga tsakanin sama da ƙasa da ba ta barin duk saƙonnin su wuce, ita ce ke ceton rai, amma waɗanda suka samu suka wuce ba su da tsari. Shi ya sa kake jin bugun yana gudu yana tsallake, ga haki, ga jiri, ga gajiyar da ba ka san dalilinta ba.

Abin da ba ya cikin ciniki

Maganin tsinka jini ba ya cikin wannan zaɓi, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ɗakin da ke karkarwa ba ya kwashe jininsa kakaf. Jini in ya kwanta daskarewa yake yi, musamman a wani ɗan aljihu da ke maƙale da ɗakin sama na hagu. Gudan jinin ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, sai shanyewar ɓarin jiki. AF yana ninka wannan haɗari kusan sau 5, warfarin kuma, tsohon maganin tsinka jini, yana rage shi da kusan kashi biyu cikin uku. Likita yana yanke wa mutum shan maganin ne da lissafin maki: shekaru daga 65, sannan daga 75, hawan jini, ciwon sukari, raunin zuciya (wato ta kasa tura jini yadda ya kamata), ciwon jijiyoyin jini, da ko ya taɓa samun shanyewa. Ka lura, lissafin bai tambayi ko yau zuciyarka tana bugu daidai ba. Dalili kuwa AF yakan dawo a ɓoye, cikin barci ko cikin hidima, mai shi bai ji komai ba. Saboda haka wanda ya amince da aiki don kawai ya rabu da maganin tsinka jini ya gina shawararsa a kan abin da babu wanda ya yi masa alkawarinsa. Dakatar da shi hukuncin likita ne bayan dogon bibiya. Aspirin kuma ba ya maye gurbinsa, ko da wa ya faɗa maka.

Wanne za a sha? Sababbin nan da suka fito daga 2010 zuwa 2015, dabigatran da rivaroxaban da apixaban da edoxaban, ba su buƙatar gwajin jini a kai a kai kuma sun fi warfarin ƙarancin zubar jini a ƙwaƙwalwa. Warfarin yana buƙatar gwajin INR mai auna yadda jini ya tsinke, a riƙe shi tsakanin 2 da 3, ga saɓani da magunguna barkatai. Amma da tsohuwar zuma ake magani: wanda ke da bawul (murfin da ke hana jini komawa baya) na ƙarfe a zuciya, ko wanda zazzaɓin gaɓoɓi na ƙuruciya ya ƙuntata masa bawul, warfarin ne nasa. Binciken INVICTUS na 2022, a kan mutum sama da 4,500 masu irin wannan ciwon bawul, ya samu mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka ba rivaroxaban.

Hanyar ƙwayoyi

Ƙwayoyi kashi biyu ne, kuma niyyarsu ba ɗaya ba ce. Kashi na farko ba ya korar AF, linzami kawai yake sa wa mashigar nan don bugun ya rage gudu. Nan ne bisoprolol da metoprolol da diltiazem da verapamil suke, sai tsohon hannu digoxin. Magunguna ne da aka san halinsu, suna samuwa ko'ina, kuma kowane likitan ciki yana iya bibiyarsu. Binciken AFFIRM na 2002, da mutum 4,060, yawancinsu tsofaffi, ya nuna waɗanda aka rage wa gudun bugu kawai ba su riga waɗanda aka yi ta fama a dawo musu da tsarin bugu mutuwa ba. A 2010 wani binciken, RACE II, ya ƙara sassauta lamarin: ga wanda ba ya shan wahala, bugu ƙasa da 110 a hutu ya wadatar, ba sai an matsa an kai shi ƙasa da 80 ba. Illarsu kasala ce, sanyin hannu da ƙafa, wani lokaci jiri in jini ya sauka. Aibinsu na gaske shi ne AF yana nan yana aikinsa. Wani ya saba da shi har ya manta. Wani kuwa duk da bugun ya sauko yana hawa bene yana tsayawa a tsakiya.

Kashi na biyu su ne masu ƙoƙarin riƙe zuciya a kan tsarinta na asali, sau da yawa bayan an dawo da ita da bugun lantarki a ƙirji cikin ɗan gajeren barci. Flecainide da propafenone suna aiki da kyau ga wanda zuciyarsa lafiya lau take in ban da AF ɗin, har akwai waɗanda ake ba su riƙe a aljihu su sha lokacin da abin ya motsa, bayan an fara gwadawa a asibiti. Ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya kuwa haramun ne. An koyi wannan darasi da tsada a 1989, lokacin da binciken CAST ya gano mutuwa ta ninka fiye da sau biyu cikin irin waɗannan majinyata da aka ba flecainide ko ɗan'uwansa encainide. Sotalol yana son ƙoda mai lafiya da duba ECG, wato gwajin lantarkin zuciya, a kai a kai, domin shi da kansa yana iya tayar da wani rikicin bugu da ya fi AF muni.

Sai amiodarone, sarkin ƙarfi cikinsu, wanda ake iya ba har mai raunin zuciya. Bari in ɗan tsaya a kansa, don shi ne yakan sa mutum ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. Yana ɗauke da sinadarin aidin mai yawa, yana kuma taruwa a jiki ta yadda ko an daina sha sai ya yi watanni kafin ya fita. Yana iya rikita tayirod, ƙwayar nan ta gaban wuya da ke daidaita aikin jiki, ko ta yi sanyi ko ta yi zafi. Yana taɓa hanta, yana sa fata ta kasa jure rana, yana barin ɗan kwanto a ido, kuma mafi tsoro yana iya sa huhu ya yi tabo. Mai shan sa yana buƙatar gwajin tayirod da hanta kamar duk wata 6, kuma sabon tari ko sabon haki ba abin jira ba ne. Yana ƙara wa warfarin da digoxin ƙarfi, dole a rage su. Ga dattijo mai shekara 80 cinikin yana iya faɗuwa daidai. Ga mai shekara 45, wanda ke da shekaru talatin ko fiye a gabansa, ni ban ga hikimar ɗora shi a kan amiodarone har abada ba alhali akwai wata ƙofa.

Hanyar aiki

Ƙofar ta buɗe ne a 1998, lokacin da Michel Haïssaguerre da abokan aikinsa a birnin Bordeaux na Faransa suka nuna cewa makaɗan nan masu kutse, fiye da 9 cikin 10 nasu, a bakin jijiyoyi huɗu da ke kawo jini daga huhu suke zaune. Tunda an san gidansu, sai a kewaye shi da shinge. Wannan shi ne aikin da ake kira abileshan. Ba a tsaga ƙirji. Ana zura siraran bututu ta jijiyar matsematsi har zuciya, a huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama a shiga na hagu, sannan a zana da'ira kewaye da bakin kowace jijiya. Inda aka zana tabo yake zama, tabo kuwa lantarki ba ya ratsa shi. Ana zanen da zafi, ko da wani balan-balan mai sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili ko ya wuce, ko da sabuwar hanyar tartsatsin lantarki da aka amince da ita a Turai a 2021, Amurka kuma a ƙarshen 2023. Wannan ta ƙarshe ta fi saura tausaya wa hanyar abinci da jijiyar numfashi da ke maƙwabtaka da wurin, nasararta kuwa ta yi kunnen doki da ta zafi da sanyi. Aikin yakan ci awa 2 zuwa 3, wani lokaci ƙasa da haka, mutum ya kwana ɗaya ko ma ya koma gida ran nan.

Wajen hana AF dawowa, aiki ya fi ƙwayoyi, wannan babu gardama. A binciken EARLY-AF da aka yi a Kanada da mutum 303, waɗanda aka dasa wa na'urar da ke sauraron zuciya dare da rana, rikicin bugu ya dawo cikin shekara guda ga kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki, kashi 68 kuma na masu shan ƙwayoyi. Ka duba lambobin da kyau. Aiki ya yi nasara, amma 43 ba sifili ba ne. Shingen yakan yi ɓula in tabo ya warke, shi ya sa wasu sai an koma karo na biyu. Ko ga waɗanda abin ya dawo wa, galibi yakan zo jefi-jefi kuma ya tafi da wuri, wanda ga mai fama da shi kullum ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Shin yana ƙara tsawon kwana? Nan magana ta rabu. Binciken CABANA na 2019, da mutum 2,204, bai samu bambanci ƙarara tsakanin hanyoyin biyu ba ta fuskar mutuwa da shanyewar jiki, ko da yake waɗanda aka yi wa aiki sun fi jin daɗin jikinsu. Amma ga masu raunin zuciya labarin daban ne. A CASTLE-AF na 2018, mutuwa ko kwanciya asibiti saboda raunin zuciya ta samu kusan kashi 28 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki, kusan 45 kuma na masu ƙwayoyi. Wani lokaci ma gudun bugun ne da kansa ya gajiyar da zuciyar, in aka dawo da tsari sai ƙarfinta ya dawo kamar ba a yi ba.

Haɗarin aiki a dunƙule yake zuwa, rana ɗaya da 'yan makonni, na ƙwayoyi kuwa a shimfiɗe yake tsawon shekaru. Wanda aka fi gani shi ne kumburi ko zubar jini a matsematsi. Kusan mutum 1 cikin 100 jini kan taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya, a zuƙe shi da allura. Shanyewar jiki lokacin aikin tana faruwa amma ba ta kai haka yawa ba. Balan-balan mai sanyi yana iya sumar da jijiyar numfashi, yawanci ta farfaɗo da kanta. Kuma hannun mai aikin yana da tasiri ƙwarai: cibiyar da ke yin sa kullum ba ɗaya take da mai yin sa sa'i-sa'i ba.

Makonnin bayan aiki

Nan ne mutane kan karaya saboda ba a faɗa musu abin da za su tarar ba. Za ka kwanta rigingine na 'yan awoyi don ramin matsematsi ya rufe. Kamar mako guda babu ɗaukar kaya mai nauyi, babu motsa jiki mai tsanani, amma tafiya a ƙasa ana so tun daga washegari. Ƙirji zai yi ɗan zogi in ka ja numfashi, matsematsi ya yi baƙi-baƙi har ya gangaro cinya, gajiya ta yi maka mako biyu ko fiye. Wasu kan ga walƙiya-walƙiya a ido irin ta ciwon ɓarin kai a kwanakin farko. Wasu bugunsu na hutu yakan ɗan haura yadda suka saba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne AF ya dawo a mako na biyu ko na uku, mutum ya ce an yi aikin banza. Ba lalle ba. Zuciya tana kumbure daga ƙunar, tabon bai nuna ba tukuna. Saboda haka likitoci ba sa yanke wa aikin hukunci sai bayan wata 2 zuwa 3, kuma a wannan tsakani maganin tsinka jini dole ne ga kowa, komai ƙarancin makinsa.

Alama ɗaya ce nake so ka haddace. Hanyar abinci tana manne da bayan ɗakin hagu, kuma a wasu 'yan ƙalilan ƙwarai ƙunar kan huda tsakaninsu, ba ranar aiki ba, bayan mako 1 zuwa wata 2. Zazzaɓi, ciwon ƙirji mai ƙaruwa, zafi wajen haɗiya, aman jini, ko mutuwar hannu da karkacewar baki a wannan lokaci, asibiti kai tsaye, kuma maganarka ta farko ita ce, "An yi mini abileshan kwanan nan." Hoton CT ake so a yi, ba zura kyamara ta baki ba, domin iskar da ake hurawa a wannan gwajin tana iya shiga zuciya.

To, wa ya dace da me?

Idan AF ɗinka mai zuwa ne ya tafi, yana hana ka aiki ko barci, ba ka daɗe da shi ba, ni aiki nake karkata gare shi, kuma da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk daɗewar da ɗakin hagu ya yi yana karkarwa, ƙara faɗi yake yi yana tara tabon kansa, ta yadda AF mai zuwa ya tafi ya rikiɗe ya zama mazauni. Binciken EAST-AFNET 4 na 2020, da mutum 2,789 waɗanda ba su wuce shekara guda da gano ciwon ba, ya nuna dawo da tsarin bugu da wuri, ko da ƙwaya ko da aiki, ya rage mutuwa ta dalilin ciwon zuciya da shanyewar jiki da kwanciya asibiti da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wannan ya gyara fahimtar da aka ɗauka daga AFFIRM shekaru 18 kafin nan. Mai raunin zuciya ma ya kamata ya nemi a duba shi don aiki tun kafin ya galabaita.

Idan kuwa shekaru sun ja, AF ya yi shekaru yana zaune, kuma gaskiya ba ka jin wata wahala, rage gudun bugu da maganin tsinka jini ba gazawa ba ce, zaɓi ne mai hujja. Sai dai ka tabbatar da "ba na jin komai" ɗin. Mutum yakan rage tafiyarsa sannu a hankali, ya daina hawa bene, ya ɗora laifin a kan tsufa. Likitoci kan yi wata dabara: a dawo da bugun da lantarki, a ga yadda za ka ji cikin makonnin da ya tsaya. In ka ji kamar an sauke maka kaya, ka samu amsarka. Mai jin tsoron aiki da zuciyarsa ke da lafiya yana iya fara gwada flecainide, in ya ƙi ci sai ya wuce gaba. Gwada ƙwaya ba ya rufe ƙofar aiki matuƙar ba a ɓata shekaru ana jan ƙafa ba. Ga tsohon da komai ya ƙi, akwai hanyar ƙarshe: a dasa batirin zuciya sannan a ƙone mashigar nan ta tsakiya. Bugu zai daidaita, amma babu komawa baya, ya dogara da batirin ke nan.

Akwai kuma rabon da ba likita ne zai yi maka ba, kuma yana iya rusa kowanne cikin zaɓin biyu. A birnin Adelaide na Ostareliya, binciken LEGACY na 2015 ya bi masu ƙiba da AF, ya samu waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu suka kuma riƙe hakan sun ninka saura kusan sau 6 wajen zama babu rikicin bugu. Wani binciken a ƙasar a 2020 ya nuna masu shan giya da suka daina, AF ya dawo wa kashi 53 cikinsu, waɗanda suka ci gaba kuwa 73. Hawan jinin da ba a kula da shi ba yana faɗaɗa ɗakin hagu kullum. Sai minshari mai yanke numfashi, wanda mai shi ba ya sani sai wanda ke kwana kusa da shi ya faɗa. In ba a magance shi ba yana cikin manyan dalilan da ke sa aiki ya ƙi riƙewa. A kuma gwada tayirod tun farko, don in ita ce ta yi zafi, gyara ta kaɗai yana iya kashe maganar.

Ranar da za ka koma wurin likita, ka tambaye shi irin AF ɗinka, mai zuwa ya tafi ne ko mazauni, da makinka na shanyewar jiki. In aiki ake magana, ka tambayi sau nawa suke yin sa a shekara, wace hanya za su bi, da wanda za ka kira in wani abu ya taso cikin dare. Kada ka fita ba ka ji girman ɗakinka na hagu ba, yana rubuce a sakamakon hoton zuciya da aka yi maka. Na mai lafiya bai cika wuce santimita 4 ba. In naka ya haura 5, damar aiki ɗaya ya wadatar ta ragu sosai, kuma gara ka ji haka daga bakin likita kafin ka sa hannu a takardar amincewa.